Tseren Dipsea: Yadda 'Yar Shekara Takwas ta Riga Zaratan Samari Isa Bakin Teku

Ranar Lahadi 13 ga Yuni, 2010, aka yi tseren gudu na Dipsea karo na ɗari a arewa da birnin San Faransisko, jihar Kalifoniya ta Amurka. Wadda ta fara tsallake layi a garin Stinson Beach yarinya ce 'yar shekara 8, Reilly Johnson. 'Yan daƙiƙu kaɗan a bayanta sai ga Melody-Anne Schultz, dattijuwa mai shekara 68, wadda ta taɓa cin wannan tsere har sau uku. Saurayin da ya fi kowa sauri a ranar, Alex Varner, sai daga baya ya iso. Ba a yi maguɗi ba, alƙalai kuma ba su yi kuskure ba. Tsarin tseren ne ya ba da haka, kuma wannan tsari ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Duk wanda ya tashi cikin yara ya san rata. Babba zai ce wa ƙaninsa, "Je ka, na ba ka taku goma," sannan ya biyo shi a guje, don in sun tashi tare wasan ba shi da armashi. Abin da mutanen Dipsea suke yi ke nan, sai dai su da agogo suke auna tasu ratar, kuma da shekarun mutum da jinsinsa suke yanke ta. Rukunin farko yana tashi da safe daga tsakiyar garin Mill Valley. Ƙananan yara ne da tsofaffin da suka fi kowa shekaru, su ke da rata mafi tsawo, minti 25. Daga nan duk bayan minti ɗaya sai a saki wani rukuni, ratar tana raguwa, har a zo kan samari majiya ƙarfi 'yan shekara ashirin da wani abu, waɗanda ba a ba su ko daƙiƙa. Wanda ya fara isa shi ya ci. Ba a komawa ɗaki a yi wani lissafi a fito da sakamako daban da wanda jama'a suka gani da idonsu.

Hanyar mil 7.4 ce, kusan kilomita 12. A takarda ba ta da tsawo, amma wanda ya san ta ba ya raina ta. Ba a yi nisa da tashi ba za a ci karo da matakala hawa uku da suka ratsa tsakanin gidajen mutane, taki kusan ɗari bakwai. Kafin a kai ƙarshensu cinyoyi sun ɗauki zafi, numfashi ya fara sarƙewa, alhali ko mil ɗaya ba a cika ba. Daga can sai gangara zuwa dajin Muir, inda dogayen itatuwan redwud masu jan ɓawo suke, wasu sun haura mita 70, wasu sun shekara ɗaruruwa a tsaye. A tsallake rafin Redwood, sai a kama hawa na gaskiya a jikin dutsen Tamalpais, hawan da ba ya sassautawa sai an kai tudun da suke kira Cardiac, mafi tsayi a hanyar, kimanin mita 415 sama da teku. In an haɗa duk hawan da ake yi daga farko zuwa ƙarshe, ya kai wajen mita 670. Daga Cardiac kuma sai zubowa ƙasa ta cikin kwazazzabon Steep Ravine, mai duhun itatuwa da saiwoyi a kwance a kan hanya da matakalar katako da hazon teku ke jiƙawa. Nan ake faɗuwa, nan ake targaɗe. Mutum yana ganin ya gama da hawa sai ga wani ɗan tudu, Insult, ya tare shi kafin a sauka zuwa bakin Tekun Fasifik.

Yawancin wannan hanya siririya ce, ta mutum ɗaya. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe kafin a yi maganar adalci ko rashinsa.

Asalin abin daga wasu 'yan kulob ɗin Olympic na San Faransisko ne. A lokacin babu gadar Golden Gate, sai 1937 aka buɗe ta, don haka jirgin fito suke shiga zuwa Sausalito, su hau jirgin ƙasa zuwa Mill Valley, su taka da ƙafa su haye dutse zuwa wani masauki a bakin teku mai suna Dipsea Inn. Gardamar wa zai riga wa isa ce ta rikiɗe ta zama tsere, aka yi na farko ranar 19 ga Nuwamba, 1905. Shi ne tseren hanyar daji mafi daɗewa a Amurka. Wanda ya ci na farkon ɗan makarantar sakandare ne, John Hassard, da ratar minti 10. Wanda ya fi kowa sauri kuwa Cornelius Connelly ne. Tun ranar farko ke nan mai nasara daban, mai sauri daban. Tun daga nan ba a fasa ba sai a 1932 da 1933 lokacin karayar tattalin arziki, da 1942 zuwa 1945 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai kuma 2020 saboda annobar korona.

Shekaru sittin na farko, mutum da mutum ake yanke wa rata. Mai kula da wannan aiki zai duba gudun da kowa ya yi a baya, ya ce wane minti kaza, wane minti kaza. Haka ƙananan kulob da yawa suke yi har gobe, haka kuma ake yi a tseren Stawell Gift na Ostareliya, na mita 120 a kan ciyawa, wanda ake yi tun 1878. Wannan hanya tana da kyau a idon mai son daidaito, don kowa da awonsa. Amma tana da rami babba. Wanda ya ɓoye ƙarfinsa a tserukan baya zai sami rata mai tsoka, baƙon da ba a sani ba zai iya zuwa ya kwashe, mai yanke ratar kuma kullum yana cikin zargi, ko ya yi son kai ko bai yi ba. A 1965 Dipsea ta koma ga shekaru. Shekarun haihuwa ba a ɓoye su yadda ake ɓoye gudu, kuma kowa zai iya duba jadawali tun kafin ya cika takarda ya san ƙarfe nawa zai tashi. Rigima da mutum ta ƙare, ta koma rigima da jadawali.

Mu koma kan 2010 mu ga yadda lissafin ya kaya. Reilly Johnson ta gama hanyar cikin kimanin awa ɗaya da minti 12. A cire mata 25, ya rage 47 da 'yan kai. Varner ya yi nasa cikin ƙasa da minti 50, ba shi da abin cirewa. Ratar minti 25 ya cinye ta saura ƙasa da minti uku, hanya ta ƙare. Lokacin da aka sake shi daga Mill Valley, ita da Schultz sun daɗe da gama matakala, sun gangara cikin dajin Muir, hanya fetal a gabansu, babu wanda za su kauce wa. Shi kuwa ɗaruruwan mutane ne tsakaninsa da su. Kowane ɗaya sai ya yi masa magana, ya ce ga ni ta hagunka, ya jira ɗan fili, ya raɓa ta gefen da babu tsayayyen wurin taka ƙafa, wani lokaci ta cikin ciyayi masu sa ƙaiƙayi da kurji da suka cika wannan yanki. A kan matakala abin ya fi muni, domin a nan cunkoso yake haɗuwa. Babu jadawalin da ya rubuta wannan haraji, amma duk saurayin da ya tashi a ƙarshe yana biyansa.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ratar minti ce tsayayya, gudun mutane kuwa yana sauyawa da yanayi. A ce an yi zafi ko hanya ta yi santsi, kowa ya ƙara kashi goma cikin ɗari a kan lokacinsa. Mai minti 72 zai koma 79, mai 49 zai koma kusan 54. Tazarar da ke tsakaninsu ta tashi daga 23 ta haura 25, saurayi ya cim mata kafin layi. Ranar da hanya ta yi wuya, ratar tana rage daraja. Ranar da ta yi daɗi, tana ƙara daraja. Jadawali ɗaya ne, amma sararin sama yana da hannu a wanda zai ci.

Varner ya ɗauki kofin wanda ya fi kowa sauri shekara shida a jere, daga 2009 zuwa 2014, kuma a cikin shidan babu wadda ya fara tsallake layi. Waɗanda suka riga shi su ne Brian Pilcher, da Reilly Johnson, da Jamie Rivers, da Hans Schmid wanda ya ci a 2012 yana da shekara 72, da Diana Fitzpatrick sau biyu. In aka cire yarinyar, duk sun haura hamsin. Kafin su ma haka abin yake. Carl Jensen ya ci a 1966 ba tare da rata ba, aka shafe sama da shekara hamsin ba a sake ganin irin haka ba. Duk wanda ya ce jadawalin nan ya daidaita kowa da kowa, wannan tarihi ya ƙaryata shi. Ya karkata, kuma an san inda ya karkata.

A ganina dalilin ba son kai ba ne. Jadawali yana auna abin da shekaru ke yi wa yawancin mutane, amma ba yawancin mutane ke cin tsere ba, fitaccen cikinsu ne. Tsakanin samari 'yan ashirin da biyar da suka ƙware, bambancin gudu kaɗan ne. Tsakanin masu shekara sittin kuwa bambancin yana da faɗi ƙwarai: wani gwiwa ta tafi, wani kuma jikinsa kamar na ɗan arba'in, yana atisaye kullum, ya san kowace saiwa da ke kan hanyar. Irin wannan dattijo ratar tsaransa aka ba shi, alhali ya fi tsaransa nesa ba kusa ba. Haka yarinyar da ta tashi tana gudu a kan waɗannan duwatsu. Sa'o'inta da za su iya kilomita 12 na hawa da gangara ba su da yawa. Duk rukunin da tazarar da ke tsakanin gwaninsa da sauran ta fi faɗi, daga nan mai nasara zai riƙa fitowa.

Kwamitin tseren ya ga haka da idonsa a kan Sal Vasquez, wanda ya ci sau huɗu a jere daga 1982 zuwa 1985, ya kuma ƙara uku daga baya, bakwai ke nan, babu wanda ya kai shi. Maganin da aka samo shi ne duk wanda ya ci, a rage masa rata a tserukan da ke biye. Dabara ce mai kyau, ta hana mutum ɗaya ya mayar da kofin nasa. Amma a lura, da wannan doka an dawo da ɗan abin da aka gudu a 1965, wato auna mutum da abin da ya yi, ba da shekarunsa kaɗai ba. Ban ga laifin haka ba. Tsarin da ba ya karɓar gyara idan ya ga inda ya gaza, shi ne abin tsoro.

To me ya sa samari ba su yi fushi sun daina zuwa ba? Na farko, ba a binne gaskiyar gudu ba. Ana rubuta ainihin lokacin kowa, akwai kofi na namijin da ya fi sauri da na macen da ta fi sauri, kuma mutanen wurin suna girmama shi. Har yau ana ambaton minti 44 da daƙiƙa 49 da Ron Elijah ya yi a 1974. Na biyu, akwai baƙar riga. Mutum 35 na farko kowa yana samun baƙar riga mai ɗauke da lambar matsayin da ya zo. Ba kuɗi ake rabawa ba, riga ce kawai, amma akwai waɗanda suke shekara da shekaru suna nemanta, kuma a layin masu karɓa za ka ga ɗan sakandare kusa da kaka mai jikoki kusa da saurayin da ya wuce mutum ɗari biyar kafin ya iso. Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci a wurina, saurayin ya san ratarsa tana tafe. Abin da aka hana shi yau ajiya ce. In ya riƙe jikinsa ya ci gaba da zuwa, kowace 'yan shekaru za a ƙara masa minti.

Norman Bright shi ne shaidar wannan. A 1937 ya yi gudun da ba a taɓa yi ba a hanyar, minti 47 da daƙiƙa 22, amma wani mai rata ya riga shi isa. Wannan lokaci nasa ya shekara 33 ba a karya ba. A 1970 Bright ya dawo yana da shekara 60, ya tashi cikin dattawa, ya ci tseren da ya kuɓuce masa yana saurayi. Sai Jack Kirk, wanda ya fara a 1930 bai tsallake ko ɗaya ba har 2002, tsere 67 a jere. Ya ci sau biyu, a 1951 da 1967, ya gama na ƙarshensa yana da shekara 95, ya rasu a 2007 yana da ɗari cif. A tseren da kowa ke tashi tare, mutum irin Kirk da ya kai hamsin ya zama ɗan rakiya, a tafa masa don tausayi bayan masu nasara sun tafi gida. A nan kuwa shi ake fara saki, jama'a na tsaye suna kallo, sauran duka su biyo shi. Wannan ba ƙaramar daraja ba ce a yi wa tsoho, kuma ita ce ta sa nake ganin karkatar jadawalin farashi ne da ya dace a biya.

Labarin mata ya bi wata doguwar hanya. Daga 1918 zuwa 1922 an yi musu nasu a kan wannan turba, amma aka kira shi tattaki, saboda hukumar wasannin motsa jiki ta lokacin ba ta yarda mata su yi tseren nesa ba. Edith Hickman ce ta ci na farko. Bayan shekara biyar aka dakatar da shi, masu adawa suna cewa irin wannan wahala tana cutar da jikin mace. Sai a 1971 aka buɗe musu ƙofar babban tseren a hukumance, jinsi ya shiga lissafin rata. Shekara biyu kacal bayan haka Mary Etta Boitano, 'yar shekara 10, ta zama mace ta farko da ta ci, bayan wanta Mike ya ci na 1971 da 1972. Megan McGowan ta ci a 1991 da 1992 tana 'yar tara da goma. Shirley Matson ta ci sau huɗu. Nasarar Reilly Johnson ba daga sama ta faɗo ba, akwai waɗanda suka share mata hanya.

Akwai kuma maganar yanke. A da, doka ɗaya ce: ka tashi daga Mill Valley ka isa teku, ta inda ka ga dama. Tsofaffin hannu suna da ɓoyayyun hanyoyinsu da ba sa faɗa wa kowa, wannan ma wata rata ce da sanin wuri ke bayarwa. Amma hanyar ta ratsa dajin Muir, wanda gwamnatin tarayya ta killace tun 1908, da gandun jiha na dutsen Tamalpais, kuma rafin Redwood yana da wani nau'in kifin salmon da ke gab da ƙarewa. Ƙafafun mutum dubu da ɗari biyar a kan gangaren da ba hanya ba suna zaizaye ƙasa. Don haka aka rufe yawancin yanken, aka bar kaɗan da aka amince da su, irin su Suicide da Swoop, masu gangara tsaye da ke rage tafiya su ƙara haɗari. Wanda aka kama ya bi inda aka hana, an cire shi. Wannan ne ma ya sa ba a gwada lokutan yanzu da na zamanin Elijah kai tsaye, hanyar ba ɗaya ba ce.

Ƙuncin hanyar da kiyaye dajin su suka sa aka tsayar da adadin masu shiga a kan 1,500, masu nema kuwa sun fi haka nesa. An raba tseren gida biyu. Akwai na waɗanda aka gayyata, su ke fara tashi, daga cikinsu ake sa ran mai nasara. Mutum 450 na farko suna samun gayyatar baɗi kai tsaye. Sai na sauran jama'a, su ma da ratarsu, amma ba a sakinsu sai na farkon sun tafi duka. Sabon zuwa ta nan zai fara, in ya yi ƙoƙari ya haye zuwa gidan farko a shekara mai zuwa. Gurbin sauran jama'a kuwa ta hanyoyi da dama ake samunsa: wanda takardarsa ta riga isa, da ƙuri'a, da wasiƙar roƙo inda mutum zai bayyana dalilin da ya sa ya kamata a ba shi, sai kuma gwanjo, inda ake ware wasu gurabe ga waɗanda suka fi ƙara kuɗi a kan kuɗin shiga.

Gwanjon nan ne ban gamsu da shi ba. Na san 'yan sa-kai ne ke riƙe da tseren, na san akwai gidauniyar da ke ba ɗalibai tallafin karatu ta kuma gyara matakalar da ta lalace, duka kuwa sai da kuɗi. Amma tseren da ya ɓata shekaru yana auna minti don kada ƙarfin ƙuruciya ya danne tsoho da yaro, bai kamata ya bar nauyin aljihu ya raba masu shiga a bakin ƙofa ba. Haka tsarin wanda takardarsa ta riga isa, a zamanin aika wasiƙa ta gidan waya, ya fi taimakon mazauna kusa da Mill Valley a kan wanda ke wata jiha. Da a ce ni ke da ta cewa a kwamitin, da na mayar da guraben gwanjon cikin ƙuri'a, na nemi kuɗin gyaran matakala ta hanyar da aka riga aka saba, wato gudummawar masu son a manna sunansu ko sunan wani nasu a jikin taki.